“Mafi Mushkila”: Abin da Na Ji a Ɗakin Likitan Yaya Sa'idu

Shekara biyu ke nan da rasuwar yayana Sa'idu, kuma har yau in aka tambaye ni me ya yi ajalinsa sai in kama inda-inda. Wasu cikin dangi sun ce ciwon dajin ne ya dawo. Wasu sun ce ƙodar guda da ta rage masa ce ta gaji. Ni ina da tawa amsar, wadda ban taɓa iya faɗa a tsakar gida ba, shi ya sa na kawo ta jarida. Tsorona shi ne, wasu kalmomi biyu da na ji a baibai su suka raba shi da likitocinsa.

Yaya direba ne a Doha. Shekara tara ya yi yana jan motar ma'aikatan wani kamfani, yana kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar a unguwar Mansura. Lokacin korona ya fara ganin jini a fitsarinsa. Aka yi hoto, aka ga ƙari a ƙodarsa ta hagu, aka ce daji ne, aka cire ta ɗungurungum. Shi kaɗai ya shiga ɗakin tiyata, shi kaɗai ya farfaɗo, don a lokacin ba a barin kowa ya shiga dubiya. Duk sa'ad da Inna, mahaifiyarmu, ta kira daga ƙauyenmu na wajen Gumel, sai ya ce mata mura ce, kuma da sauƙi. Sai bayan wata huɗu wani da ya koma gida hutu ya je yi mata barka da arziki, a bakinsa ta ji an cire wa ɗanta ƙoda. Ba ta yi faɗa ba. Amma daga ranar “da sauƙi” ɗin Yaya ta daina shiga kunnenta.

Ni na sauka Doha ana saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya, cikin ɗimbin waɗanda aka ɗiba aikin gadi. A gida malamin firamare ne ni, kuma ina da cutar da ke damun malamai da yawa: ban iya cewa ban gane ba. A mako na uku Yaya ya ce in raka shi asibiti. Ƙwararru biyu ke ganinsa duk bayan wata uku, ɗaya na daji mai duba ko ciwon ya dawo, ɗaya na ƙoda mai lura da wadda ta rage. Yana bin dokarsu sau da ƙafa. Gorar ruwa ba ta barin hannunsa, ya rage gishiri, kilishin da na kawo masa tsaraba shinshinawa kawai ya yi ya miƙa wa abokan ɗakinsa, ƙwayar ciwon jiki kuwa ko kyauta ba ya karɓa.

Likitan ƙodar wani Balarabe ne mai furfura. Ya daɗe yana kallon hoton a kwamfuta, yana matso da shi yana mayarwa. Can sai ya cire tabarau, ya dubi Yaya, ya ce, “Mafi mushkila.”

Yaya ya ce, “Alhamdu lillahi.”

Ku da kuke karanta wannan a gida, ku faɗi kalmomin nan biyu da bakinku ku gaya mini abin da kuka ji. Mafi girma, mafi muni, mafi mushkila. Hausa ce tsaf na ji ta fito daga bakin Balarabe, ban ma tsaya mamakin inda ya koye ta ba. Hamdalar Yaya kuma ba ta gyara mini komai ba, don haka na ga mahaifinmu ya yi ranar da aka ce masa wuta ta cinye rumbunsa. Likita ya ci gaba da bayani, Turanci da Larabci a cakuɗe, amma ni tuni na fice don kada Yaya ya ga hawayena. A tsaye a bakin ƙofar asibiti na aika saƙon murya ta wayar matarsa da ke gida, na ce a kunna wa Inna: “Inna, a dage da addu'a. Likita ya ce nasa ne mafi mushkila.”

Daga asibitin Yaya ya ja ni unguwar Mirqab, ya saya mana shinkafa da kaza, yana ta zuba raha. Ina kallonsa ina cewa a raina, kai, namijin duniya ke nan. Shi kuma yana zaton kewar gida ce ta hana ni cin abinci. Ban tambaye shi komai ba. Wane ƙane ne zai tsare yayansa da zancen mutuwa a kan faranti?

Washegari na makara wurin aiki. Shugaban masu gadi ya dube ni, ya ɗaga hannu yana murmushi, ya ce mafi mushkila. Na tsaya ƙiƙam ina jiran takardar kora. Abokin aikina Idirisu, mutumin zangon Kumasi, ya dafa ni ya ce da irin Hausarsu ta can, “Massa, me ka tsaya? Ya ce ba komai. A nan mafi shi ne babu. Yalla, maza ka je ƙofarka.” Babu matsala: abin da likita ya ce wa Yaya ke nan.

Kafin in koma ɗaki Inna ta riga ta kira shi, ta ce ya tattaro ya dawo gida. Da na yi masa bayani, dariya ya yi har sai da ya dafe wurin ɗinkinsa. Ya ce, “Malam Habibu, kai da kake hana yara yin shiru in ba su gane ba!” Muka kira ta tare. Na yi bayani dalla-dalla, na rantse, na sake rantsewa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Shi ya sa ka canja magana ko? Na ji. Ka ce wa yayanka ya dawo.” Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Kuma ban ga laifinta ba. Mu ne muka koya mata cewa labari mai daɗi daga Doha a rufe yake zuwa, to ga shi sau ɗaya an yi suɓutar baki, me zai sa ta yarda da gyara?

Da aka gama gasar, kamfaninsu ya rage direbobi har da shi, zaɓi ya zo masa har ƙofar ɗaki. Wani gida a unguwar Aziziya suna neman direba, sun yaba da shi. In ya karɓa, ya sami sabon kafil mai riƙe masa takardun zama, katin asibitinsa ya ci gaba da aiki, likitocinsa biyu suna nan. Likitan ƙodar ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa babu matsala a yau ya ce, bai ce an sallame shi ba, ƙoda guda bayan daji sai an sa mata ido shekaru, duk inda zai zauna ya nemi ƙwararre tun yana jin lafiya. Na roƙe shi ya zauna, har da kuka, ni da kuka bai taɓa gyara mini komai ba. Ya ce, “Likita yana da wasu majinyatan. Inna ba ta da wani ɗan fari.”

A nan kaina yake ɗaurewa. Na tambaye shi ko saƙona ne ya jawo, ya ce ko kusa. Wai tun yana kwance shi kaɗai lokacin korona ya yi wa kansa alkawari ba za a binne shi a inda ba a san sunan ubansa ba. Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma mutumin da ya faɗa mini haka shi ne ya kira ciwon daji mura. Sai na wayi gari ni ma na zama Inna, in ya faɗi abin kwantar da hankali ba na iya gaskata shi.

Ya koma. Sau biyu ya je Kano ganin ƙwararre, ya kuma yaba da shi. Zuwa na uku ya faɗo lokacin shuka, ya ɗage. Na huɗu ban san me ya cinye shi ba. Ya ji kunyar shan ruwa ana azumi kowa na kallo. Bayansa ya riƙe a gona, aka sayo masa ƙwaya a kemis. Maƙwabta suka yi ta kawo jiƙo, shi kuwa ba mutumin da zai mayar da abin alheri ba ne. In na kira na yi masa faɗa, sai ya ce da sauƙi. Daga baya ƙafafunsa suka kumbura. Wata goma da komawarsa ya rasu, ba a kai ga yin hoto ba, ni ina tsaye a ƙofar wani bene a Doha ina duba katin masu shiga.

Ban san me zai ce ba da zai leƙo yau. An sauke tutocin gasa, garin ya koma yadda ya san shi, gadonsa a Mansura wani ɗan Zariya ke kwana a kai. Ni kuwa na zama mai raka sababbin zuwa asibiti, ina sa likita ya maimaita magana sau uku, har wasu suna jin haushina. Ina jin wannan zai ba shi dariya. Na taɓa tambayar wani ma'aikacin jinya ko da Yaya ya zauna da ya rayu. Ya ce mutane suna tsufa da ƙoda guda in ana lura da ita, kuma daji yana dawowa ko a gaban wane likita ne. Duka biyun na yarda da su, kuma ba wadda ta sauke mini komai.

Bara na je gida hutu da niyyar in zaunar da Inna in warware mata zancen nan karo na ƙarshe. Na same ta a ƙofar ɗaki tana gyaran wake. Kafin in buɗe baki ta fara ba ni labarin watanni goman nan: yadda yake zuwa gaishe ta bayan sallar asuba, yadda ya canja mata kwanon ɗaki da hannunsa, yadda ya ci tuwonta har ya yi ƙiba, yadda a ƙarshe ita ta riƙe masa kai ta ba shi ruwa. Sai ta ajiye faifan ta ce, “Duk cikinku kai kaɗai ka faɗa mini gaskiya, Habibu. Ba don kai ba da a hannun baƙi zai cika. Allah ya yi maka albarka.”

Na dubi tsohuwar nan, na dubi bayanin da na ɗauko tun daga Doha. In na gyara maganar, na karɓe mata wata goma. In na bari, na karɓi albarkar da ban san ko tawa ba ce. Na sunkuyar da kai na ce amin, na jawo faifan na taya ta tsince waken.