Inda Karatu Ya Kakare Masa

Kimiyyar sinadarai, wadda muke ce wa shimi, aka turo ni Lyon ta ƙasar Faransa in karanta. Babana ya damƙa ni amana a hannun Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, yana zaune da iyalinsa a hawa na goma sha ɗaya na wani bene a unguwar Les Minguettes. Daga tagar ɗakin da aka ba ni ina hango hayaƙin masana'antun. A ganin Baba, can zan ƙare da farar riga, in fi Kawu matsayi.

Shekara guda na yi ina fama da kwalabe da awo, ba yabo ba fallasa. Wata rana na raka wata abokiyata ajinsu don kawai in fake wa ruwan sama. Malamar, wata dattijuwa mai furfura, ta kunna mana muryoyin wasu baƙaƙen fata suna waƙa suna shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Daga nan ta ɗora taswira, ta nuna mana inda hanyar ta ratsa, sannan ta karanto hukuncin wata kotu a kan mutanen da ke waƙar. Waƙa da ƙasa da shari'a, duk a awa ɗaya, kuma kowanne yana bayyana ɗan'uwansa. Ban taɓa sanin ana karanta ƙasa guda ta kowace kusurwa haka ba. Da shekara ta zagayo na sauya sashe, na koma nazarin al'adu da zaman jama'ar Amurka, ban gaya wa kowa a gida ba.

Kawu ya gano tun a makon farko, domin akwatin wasiƙunsa takarduna ke faɗawa. Bai yi faɗa ba, zolaya ya mayar da abin.

"Kin zo Faransa ki karanta Amurka," in ji shi. "Wanda ka son karatun Faransa kuma sai shi tahi Sin ke nan?"

Ni kuwa ko a jikina. Ina karanta tarihi da safe, adabi da rana, ga darasin fim, ga na tsarin mulki, ga na addinai. A cikin jirgin ƙasa na metro D nakan ɗaga kai daga littafi in ga har na wuce tashata. Girman ƙasar ma kaɗai ya ishe ni mamaki, balle yadda mutane suka taru a cikinta daga ko'ina, wasu da ƙafarsu, wasu a ɗaure. Na kuma zama mai surutun tsiya. Matar Kawu ba ta isa ta soya kuɓewa ba sai na ba ta labarin yadda kuɓewar ta ƙetare teku.

A shekarata ta ƙarshe Kawu ya zaunar da ni, fuskarsa ba wasa.

"Kowace Juma'a Alhaji babanki shina tambayata ya shimi, ina ce mai lahiya lau. Na gaji da ƙarya, ɗiyata. Ƙarshen watan ga zan hwaɗa mai, abin da ya ce shi za a yi."

Na san abin da Baba zai ce. Zai ce in tattaro kayana in koma Maraɗi, ga shi saura ƴan watanni in gama. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushin Kawu, duk da na san shi ke da gaskiya.

A makon ne na tafi Paris saboda aikin kammalawa, wanda nake yi a kan Musulmin da aka kai Amurka bauta. Malamata ta ce akwai hoton wata takarda a wani babban ɗakin karatu, wadda wani bawa ya rubuta da hannunsa yana tsoho, bayan ya yi shekaru masu yawa a gonar wani. Na zauna a zauren nan mai tsit kamar masallaci kafin huɗuba, aka buɗe mini hoton. Rubutun allo ne sak, irin mai kaurin nan da muke gani a gida, an yi shi a wata ƙasa da ba allo ba tawada irin tamu. Na daɗe ina kallonsa ban motsa ba.

Sai dai ban iya karanta shi ba. Makarantar allo da wuri na bar ta, bugun inji kawai nake iya bi. Bayanin da ke ƙasan hoton ya ce rubutun bai cika ba, kuma akwai maimaici a ƙarshensa. Na kwafe wannan a littafina kamar wata gwana, na sa aka buga mini hoton, na ninke shi huɗu na cusa a jaka.

Ranar Asabar da hantsi na baje takarduna a teburin cin abinci, na ɗora kofin shayi a kan hoton don kada iska ta ɗauke shi. Kawu ya fito daga ɗaki zai wuce, ya tsaya. Ya ɗauke kofin, ya dube ni dubawar da har yau nake jin kunyarta. Ya shiga bayi, na ji ƙarar ruwa. Alwala ya yi. Ya dawo ya share teburin da hannun rigarsa, ya miƙar da ninkin takardar, ya sa tabarau.

Ya fara karantawa a hankali da ƙira'ar da ya koya yana yaro, yatsansa na bin layi. Sura ce daga cikin waɗanda ake biya wa yara. Ya yi nisa, sai na ji ya maimaita wasu kalmomi, ya sake maimaita su, ya kuma maimaitawa. Haka suke a rubuce. Tsohon ya zo wurin sau uku yana neman abin da ke gaba, bai samu ba, daga nan takardar fara ce.

A wurinmu in karatu ya kakare wa liman, na bayansa ne ke tuna masa, ya faɗi kalmomin da ke gaba da murya ƙasa-ƙasa, liman ya kama ya ci gaba. Abin da Kawu ya yi ke nan. Ya sunkuya kusa da takardar, ya faɗi abin da ke gaba, ya yi shiru yana jira. Na rantse jira ya yi.

"Wane na wanga?" ya tambaye ni.

Na gaya masa abin da na sani: an kama shi daga wajajenmu, an sayar, ya tsufa a can, ya rasu shekaru wajen ɗari biyu da suka wuce.

"Ba kowa bayanshi? Ko mutum guda da zai tuna mai?"

"Ba kowa, Kawu."

Ya cire tabarau ya goge ido. Sannan ya koma inda tsohon ya tsaya, ya karanta surar har ƙarshe. Duk darussan da na zauna, da littattafan da na ci, ba wanda ya nuna mini abin da ke cikin takardar nan. Ni maimaici na gani, shi ya ga mutum yana neman taimako.

Bai jira ƙarshen wata ba. Nan take ya ɗauko waya ya kira Maraɗi, ya buɗe muryar yadda zan ji. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, ɗiyarka ba shimi take yi ba, ta daɗe da bari, ni na ɓoye maka. Laihina ne. Amma saurara ka ji."

Ya ba shi labarin tsohon, sannan ya karanta masa takardar yadda take, da maimaicin, ya tsaya inda ta tsaya. Can sai ga muryar Baba daga Maraɗi, ƙasa-ƙasa, yana faɗin abin da ke gaba.

"Ba ni ita," in ji shi daga baya.

Na karɓi wayar, na gaishe shi. Sai kawai ya jefo mini tambaya.

"Akwai wasu takardun irin wagga?"

"Akwai, Baba. An ce suna da dama, wasu ma ba a karanta su ba."

"To, ki zamna ki nemo su," ya ce. "Kuma ki koma allo."