Rabin Awa na Neman Ƙara

Kafin in shiga kamfanin sayar da motoci, shekara goma sha ɗaya na yi ina kanikanci a bakin titi. A can in mai mota ya zo, takalminsa nake fara kallo kafin injinsa, sannan in yanka kuɗi. Ya ce ya yi yawa, in rantse, ya rantse, mu haɗu a tsakiya. Allah ya yafe mini rantsuwoyin nan, amma ba su na zo faɗa ba.

A kamfani babu ciniki. Ranar farko Oga manaja ya zaunar da ni ya nuna mini abin da suke kira littafi, ko da yake a cikin kwamfuta yake. Waɗanda suka ƙera motar sun rubuta wa kowane aiki lokacinsa. Canjin birki awa ɗaya da rabi, kulochi awa shida, haka dai. Ko a minti ashirin ka gama birki, awa ɗaya da rabi za a rubuta maka. Ko kwana biyu ka yi a kansa, awa ɗaya da rabin ce dai. Ƙarshen wata a tara awowinka a biya ka. Zaman jiran mota kuwa sadaka ce ka yi wa kamfani.

Ban yi nisa a boko ba, amma wannan lissafin kafin la'asar na gane shi. Akwai ranar da na yi aikin awa goma sha huɗu tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma, har da sallar azahar da cin gwate a ciki. Matata ta ce in daina faɗa a gaban mutane, kada a ce tsafi nake yi.

Aiki ɗaya ne kowa ke gudu, wato neman ƙara. Mai mota ya ce wani abu yana kuka a wani wuri, ka nemo. Littafi ya ba wannan rabin awa. Wanda ya rubuta haka na tabbata bai taɓa shiga ramukan kasuwar Farin Gada da damina ba.

Katin aiki wani siririn mutum ne yake rabawa a bakin taga, kuma na lura yana son cin masa. Sai na fara ajiye masa ita da zafinta kowace safiya. Ban taɓa roƙonsa komai ba, shi ma bai taɓa ce mini komai ba, sai dai katin birki da na sabis suka riƙa sanin hanyar ramina na gyaran mota. In kuma katin ƙara ya faɗo daidai layina, nan take cikina ya murɗa, in tafi bayi, in zauna sai na ji an kira wani.

Wanin nan kusan kullum Baba ne. Dattijo ne ɗan kabilar Ibo, haifaffen Jos, ya girmi Oga kansa. Yakan ɗora bakin doguwar sukundireba a kan inji, ya kafa kunnensa a mariƙin, ya rufe ido kamar mai sauraron labarin rasuwa a rediyo. Kowane noti ya kwance sai ya wanke shi da fetur kafin ya mayar. Na taɓa gaya masa littafi bai san wankin noti ba. Ya ce littafin ba ya shiga mota da iyalinsa.

Wata Litinin Oga ya tara mu ya ce daga Legas an ce a rage mutum ɗaya. Ƙarshen wata duk wanda awowinsa suka fi na kowa kaɗan, shi ne zai tafi. Akwai allo a bango da ake rubuta awowin kowa. Ina can sama. Baba na ƙasa, tsakaninsa da na gabansa bai fi aikin yini ɗaya ba. Na gani da idona, kuma washegari na kai wa mai raba kati masarsa kamar kullum.

A watan ne wata Hajiya, dillaliyar kabeji a Farin Gada, ta kawo sabuwar a-kori-kurarta mai ƙofa huɗu, gilashin ƙofar baya ya ƙi tashi. Littafi ya ce awa biyu. Na ɓalle ƙofar, na gyara, na mayar a minti ashirin da biyar, idona na kan taga kada kati mai kyau ya wuce ni. Washegari na nemi sufanata mai lamba goma na rasa. Na tsaya a tsakiyar gareji na yi wa ɓarawon Allah ya isa da ƙarfi, har na yi wa'azi a kan amana. Baba ya ara mini tasa.

Bayan mako guda Hajiya ta dawo. Ta tsaya a gaban jama'a tana kwaikwayon ƙarar da bakinta, kwal, kwal, kwalkwal, tana karkata jiki kamar mota a rami. Ta ce ita ba akwala ta saya ba, kuma ba za ta karɓi motar ba sai ta yi shiru. Katin ya faɗo daidai layina. Cikina ya murɗa.

Kwana uku Baba ya yi a kanta. Ya fita da ita hanyar Kuru, ta yi tsit. Hajiya ta ce ai ba a kan kwalta take yi ba, sai an loda mata kaya an shiga ramukan kasuwa. Haka Baba ya bi direbanta Farin Gada, aka cika ta da kabeji, ya zauna a kujerar baya ya rufe ido, suna zagayawa. Masu lodi suka yi ta ba shi shawara. Ɗaya ya ce salansa ce, ɗaya ya ce a kai ta a yi mata ruƙiyya. Baba ya dawo ya duba salansar, ya kwance shokazoba ya mayar, ya ɗaure kujeru. Ni kuwa ina gefe ina canza birki, har ina tambayarsa ya aiki.

Ranar Laraba da yamma ya zo ramina da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ya duba babu kowa kusa, ya buɗe. Sufanata ce, da koren fentin da nake shafa wa kayana don kama ɓarayi.

"Ɗana, na kama maka ɓarawon," in ji shi. "A cikin ƙofar Hajiya ya ɓuya."

Dokar kamfani ita ce, in aiki ya dawo saboda sakacin wani, a cire awowin daga katinsa a ba wanda ya gyara, duk tsawon lokacin da ya ɗauka. Amma sai an rubuta sunan mai sakacin. Da an ba Baba kwana ukun nan, da ya haye saman mutum biyu a allo. Na leƙa katinsa, ya rubuta, an ɗaure abin da ya kwance. Rabin awa. Na tambaye shi me ya sa bai sa sunana ba.

"Hannuna ba ya rubuta sunan ɗan wani," ya ce. "Kai ma kana da baki."

Na yi niyyar zuwa wurin Oga ranar Alhamis, wallahi na yi. Sai katin birki huɗu suka zo a jere. Ranar Juma'a, ƙarshen wata, na kai har bakin ƙofarsa, na tarar yana waya, sai na ce wa kaina ba a katse babba. Na tsaya kamar minti ɗaya don in samu abin faɗa wa zuciyata, na juyo. Asabar da Lahadi abinci ya ƙi shiga. Matata ta matsa na gaya mata, ta ce to wa'azin amanar nan fa, wa ka yi wa?

Litinin da sassafe na shiga na faɗi komai, har da masa, har da bayi. Oga ya saurare ni yana juya biro. Ya ce ya yaba da gaskiyata, amma sunan Baba ya tafi Legas tun Juma'a da azahar, ita ce ma wayar da na tarar yana yi. Duk da haka ya cire mini awowin kwana uku. Na tambaya wa za a ba, ya ce kamfani.

Baba ya haɗa kayansa a akwatin ƙarfe, ya yi sallama da kowa hannu da hannu, har da ni. Ya kafa rumfar kwano a bayan gidansa a Jos Jarawa. Ba a yi wata biyu ba motoci masu ƙara suka taru mana, domin duk garejin babu mai kunne. An hana kawo wa mai raba kati masa, kuma katin ƙara duk ni ake ba, in je bayi a biyo ni da shi. Daga ƙarshe Oga ya fara tura motocin wurin Baba a ɓoye, shi kuma yana cajin kamfani da yini, har da kuɗin abincin rana.

Ni aka aika da ta uku, wata Asabar. Na same shi a zaune yana wanke noti. Na durƙusa na ce ya yafe mini, na ci amanarsa, na raba shi da aikinsa da tsufansa. Bai ce mini "ba komai" ba. Ya ce ya ji zafi ƙwarai, mako biyu bai iya gaya wa matarsa an sallame shi ba, kullum sai ya sa rigar aiki ya fita. Na rasa inda zan sa fuskata.

Can ya goge hannu ya tambaye ni ina motar take kuka. Na ce kamar daga baya. Ya zagaya ya buɗe but, ya ciro tayar safaya ya jingine, ya shimfiɗa kwali.

"Na yafe maka," ya ce. "Shiga ka kwanta. In ka ji ƙarar, ka buga sau biyu."

Na tambaya ina za mu. Ya ce Farin Gada, ta hanyar ramuka, kuma kada in damu da lokaci, shi yini ake biyansa. Na naɗe ƙafafuna na shiga, ya rufe.