Takalmi a Bakin Kogon Kuka

Malam Isyaku na Gwangwan ta ƙasar Rogo a gindin kuka ɗaya ya tsufa, wadda ke gefen gonarsa ta gado. Cikinta kogo ne, mutum uku sa tsaya a sake, samansa kuwa cike da ƙananan jemagu masu cin sauro da ƙwari. Kashinsu yake sharowa ya zuba wa albasa. Da magariba sukan fito kamar hayaƙin girki, shi kuma ya tsaya da buta a hannu har na ƙarshe ya wuce.

Wata rana ya ji a rediyo cewa a wata ƙasa mai sanyi fumfuna na kama hancin jemagu, ya yi fari, su mutu tuli-tuli. Aka ce har takalmin mutum na iya kwasarta daga kogo zuwa kogo. Tun ranar ya kafa doka: ba mai shiga kogonsa da takalmi.

"Liman, an tayar da salla ne a ciki?" in ji Barau, maƙwabcinsa mai lambun mangwaro.

"Cire dai, Barau. Da ƙafar taka tana ciruwa, da ita ma a waje za ta kwana."

Matarsa Lauratu ta ce, "Malam, cutar da ke bayan teku, wa zai nuna mata hanyar Rogo?" Kowace safiya yakan ɗaga kai ya duba hancinsu, ya ga baƙi, ya yi hamdala.

Shekarar da mangwaro ya yi albarka, manyan jemagu daga kurmi suka far wa lambun Barau. Isyaku ya rantse masa cewa nasa ba sa cin 'ya'yan itace. Barau ya ce jemage dai jemage ne. Ranar da Isyaku ya tafi jana'iza ƙauyen Turawa, Barau ya cusa karmami da barkono a kogon, ya kunna wuta. An ce sai da ya cire takalmi kafin ya shiga.

Isyaku ya dawo ya tarar da su zube kamar busassun ganye. Ya durƙusa yana juya su ɗaya-ɗaya. Toka ce a hancinsu, fara fat.

Manyan jemagun ba su daina cin mangwaron ba. Kogon kuwa babu komai sai ƙaurin hayaƙi. Har yau da magariba za ka ga tsohon tsaye da butarsa, yana kallon bakin kogon, sauro na cizonsa bai kore ba.