Tsinkar Zaitun a Molise

Maigidana direban tasi ne a unguwar Hindawiyya ta Makka, amma idan aikin Hajji ya zo yakan ajiye mota ya tafi Mina yi wa alhazai ja-gora. A can ne wata shekara ya tarar da wani dattijo Bature zaune a gefen hanya, zafi ya galabaitar da shi. Ɗan Italiya ne, ya musulunta da girmansa. Maigida ya ba shi ruwa, ya tallabe shi har hemarsa, wato tantin da ya sauka. Daga nan suka ƙulla zumunci ta waya, dattijon yana lallaɓa ɗan Larabcinsa, yana ta roƙon mu kai masa ziyara.

Da lokacin tsinkar zaitun ya yi, muka tafi. Ni haifaffiyar Makka ce, ban taɓa wuce Madina da Ɗa'ifa ba. Ko Kano da kakata ke ba mu labari ban taɓa gani ba.

Sunan yankin Molise. Ƙauyensu a kan tsauni yake, gidajen dutse ne, rabinsu a kulle domin samari sun tafi birni. Da na sauka daga mota, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Na saba da ƙugin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da hon ɗin motoci, nan kuwa sai ƙararrawar wuyan tumaki daga kwari.

Dattijon yana zaune da yayarsa, wata tsohuwa Kirista da mijinta ya rasu. Ta ja ni ɗakin girki ta nuna mini tukwane suna ƙyalli. Ƙanen ya bayyana cewa saboda mu ta saye su sababbi, kada in yi ƙyanƙyamin naman alade ya taɓa su. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, amma tun daga ranar nake kiranta Inna, tana amsawa. Wata rana na same ta tana tuƙa garin masara da muciya, na ce, “Inna, ai tuwo ne wannan!” Na ɗauko yajin da na taho da shi na barbaɗa mata. Ta ɗanɗana, ta yi ta fifita baki tana dariya har da hawaye.

Da safe mukan shimfiɗa raga a gindin bishiyoyi, a karkaɗe 'ya'yan su zubo. Shekara da shekaru ban ga maigida ba sai a gajiye, ya shigo ya ci ya kwanta. Sai ga shi a can saman reshe.

“Maigida, don Allah sauko, ba yaro ba ne kai!”

“Ki bar ni, Hajiya,” in ji shi. “Wallahi ban san ina da sauran ƙarfi haka ba.”

Ana cikin haka yayyafi ya sauko. Kowa ya gudu rumfa, mu biyu muka tsaya har mayafina ya jiƙe sharkaf. Ya dube ni ya ce, “Halas, shi ke nan, in na ajiye tuƙi nan za mu riƙa zuwa.”

Bai kai ga ajiye tuƙin ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi, aka yi masa salla a Harami. Yanzu ina zaune da 'yata a unguwar Aziziyya, tagar ɗakina tana kallon bangon wani bene.

Da labarin ya isa Molise, dattijon ya kira ni ta bidiyo ya yi mini gaisuwa. Sai Inna ta karɓe wayar. Ta ƙara tsufa. Ta dafa ƙirjinta tana kallona, ni ma ina kallonta, muka daɗe a haka. Ta bayanta ina hango ƙofar a buɗe, ga kwarin kore shar, ga hazo kwance a kansa. Sai da 'yata ta dafa ni na gane wayar ta riga ta katse.