Miyar Dije ta Bayan Katanga

Da daminar bana Dije ta cika shekara goma sha shida da rasuwa. Na zaci na gama jimaminta tuntuni, don tun bayanta an yi mini rashe-rashe da yawa, har da na mijina. Sai ga 'yarta ta shigo mini da tambaya a kan miya, ta mayar da ni kamar jiya aka fita da gawar.

Dije maƙwabciyata ce a nan Gaya. Bafulatana ce daga Gafasa, can ƙasar Ajingi, aka kawo ta gidan Malam Sule da ke jingine da namu, lokacin ina sabuwar malamar firamare da goyon ɗan fari. Mu kuwa kakanninmu Barebari ne. Sun daɗe da zama a nan har yaren ya kusa kufce mana, amma wasan da ke tsakaninmu da Fulani yana nan daram. Ranar da na shiga yi mata sannu da zuwa tana lulluɓe a ƙuryar ɗaki, aka gaya mata ko ni wace ce. Sai ta ɗaga mayafi ta dube ni ta ce, "Ashe har baiwa aka tanadar mini." Amarya ce fa, lallen hannunta ko dusashewa bai yi ba. A raina na ce na gamu da daidai ni.

Katangar da ta raba mu ta ƙasa ce, ruwan sama ya zaizaye ta ta wajen madafa har ta dawo iya ƙirji. Ban tuna wadda ta fara ba a cikinmu. Na dai san kullum gab da magariba, in an sauke tukwane, zan zuba miyata a ɗan kwano in ɗora a kan katangar, in ɗauko nata da ke jirana. Miya kawai muke musaya, ban da tuwo, don tuwo kowa da nasa. Kuma akwai doka, ko da yake ba mu taɓa zama mun kafa ta ba: ba a yabo. In na ɗanɗana tata sai in tambaye ta ko ruwan wankin tukunya ne ta miƙo mini bisa kuskure. Ita kuma in ta ji karkashina da bandar kifi, sai ta ce mu Barebari ba ma iya cin abinci sai da kifin da ya mutu tun bara. Daga nan kowa ta koma ɗakinta ta suɗe kwanon tas.

Ban taɓa ganin mace mai sauƙin tunani a kan abincin dare kamarta ba. Ni tun daga makaranta nake zullumin abin da zan dafa, in dawo gida in zauna ina ta juya shi a kai har la'asar ta yi. Ita kuwa ba ta tambayar kanta me take sha'awa. Abin da ke gidan take dubawa. In ta ga ragowar tsakin masara, to yau fate ne da yakuwa, ta daka 'yar gyaɗa ta zuba. In damina ce ta tsinko zogale a bayan ɗaki ta yi dambu, ko ta dafa rama ta kwaɗa da ƙuli a ci kafin tuwo ya sauka. Ranar da cefane ya gagara, ta kwaɓa ɗanwake ta soya mai da albasa, yara su ci suna murna, ba su ma san babu ce ta kawo shi ba. Takan ce abincin dare abu uku take nema a cikinsa: ya zama da ɗumi, ya yi laushin da tsoho zai iya ci, ya kuma rage a yi ɗumame da safe. Ko da na yi mata gardama a baki, a kan wannan tsarin na ciyar da gidana har 'ya'yana suka girma.

Amma miyar kukarta daban ce. Kuka ai miyar da kowa ya raina ce, ita ake yi in an rasa ta yi. Ta Dije kuwa ba ta da gudaji ko ɗaya, ba ta yi kauri ba ba ta tsinke ba, ƙamshin soyayyen man shanu yana tashi a kanta, sannan akwai wani ɗan tsami da ke zuwa daga baya, bayan an haɗiye. Mijina, Allah ya ji ƙansa, in ya zauna cin tuwo yakan leƙa kwanon da na ajiye masa ya ce, "Yau ba a miƙo komai daga can ba?" Haushi ya kama ni, in ɗauko masa tata ina ƙunƙuni.

Duk shekarun nan ban taɓa ganin yadda take yin ta ba. Lokaci ɗaya muke girki, tana gaban murhunta ina gaban nawa, katanga a tsakani, muna jin ƙarar turmin juna. Tambaya kuwa ba ta taso ba, don in na tambaya na sallama ke nan, Babarbariya ta durƙusa wa Bafulatana. Ita ma ta san haka, shi ya sa take tsokanata. Wata rana ta ce, "Falmata, ranar da kika ce uwar ɗakina ki koya mini, zan koya miki kyauta." Na ce sai dai ta mutu da abarta. Ta yi dariya har ta dafa katanga. Wasa ne, ta san wasa ne, ni ma na sani, kuma ban ɗauke shi zunubi ba. Amma har yau in maganar ta faɗo mini sai in ce da ma ban faɗa ba.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya yi ajalinta. An kai ta asibiti da ƙafarta, aka dawo da ita a naɗe. Ta bar samari biyu da autarta Hafsatu, wadda lokacin ba ta wuce shekara biyar ba. Daga baya Malam Sule ya auri Hajara, mace mai kirki da ta riƙe yaran nan tsakani da Allah. Muna gaisawa da ita cikin mutunci, muna shiga sabgar juna, amma babu wasa a tsakaninmu, kuma ban iya ɗora mata kwano a inda nake ɗora wa Dije ba. Bayan 'yan shekaru aka rushe katangar aka yi ta bulo, doguwa.

Nakan tambayi kaina me Dije za ta ce da ta ga madafan yau. Na san za ta so gas, don hayaƙin kara ya ci mata ido ba kaɗan ba, kuma ita ba mai riƙe wahala don kawai ta gado ce ba. Abin da zai ba ta dariya shi ne jikokina, da suke jingina waya a jikin tukunya suna kallon wata a birni tana koya musu girki da kayan da rabinsu babu su a kasuwar Gaya. In an gama kallon a tashi a dafa taliya. Za ta yi mamakin yadda ake watsa dunƙulen ɗanɗano a kowace miya har kuka da kuɓewa da taushe suka zama iri ɗaya a baki. Tsadar tumatir da ke hana matan yanzu barci kuwa ba za ta dame ta ba, don sai ta yi mako ba ta taɓa shi ba, kuma babu wanda ya tashi daga kwanonta da yunwa.

Hafsatu ta girma, ta gama karatun koyarwa, aka sa ranar aurenta da wani saurayi manomi a Kademi da suka daidaita kansu. Ana saura 'yan makonni ta shigo gidana da la'asar, ta gaishe ni ta zauna a bakin tabarma tana wasa da gefen mayafinta. Can ta ce, "Mama, Baba ya ce babu wanda ya san miyar Inna kamar ke. Ina so ki koya mini, in tafi gidana da ita."

Na gane abin da take nema. Kayan uwarta an raba su tun tana ƙarama, hoton da ya rage ɗaya ne kuma ya koɗe. Kowace amarya tana shiga ɗakinta da wani abu na hannun uwarta. Ita so take ta samu abu guda da za ta ajiye gaban mijinta, wata rana gaban 'ya'yanta, ta ce wannan ta Innata ce. Kuma duk duniya ni ta ga za ta tambaya. Na kasa ce mata ban iya ba. Na ce to, mu gwada.

Muka fara da Malam Sule. Ya yi tunani, ya ce miya ce dai mai daɗi. Yayyen Hafsatu maza suka ce su sun tuna suna ƙoshi. Sai muka hau mota zuwa Gafasa wurin yayar Dije, Goggo Habi, wadda ta tsufa har ba ta fita. Ta ce a gidansu sukan haɗa daddawar kalwa da ta batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, su dafa surfaffen wake har ya narke a ruwan miyar, kuma ba sa kaɗa kuka sai an janye wuta. Zuciyata ta yi sanyi, na ce mun samu. Sai tsohuwar ta ƙara da cewa, "Amma fa Dije ta canza hannu da ta je Gaya. Ta zo nan ta yi mana wata irin da ba mu sani ba. Na tambaye ta, ta ce akwai wata Babarbariya a maƙwabtanta da take so ta rufe wa baki, shi ya sa kullum take ƙara dabara." Goggo Habi ba ta gane ni ba. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ashe miyar da mijina ke nema, wadda na yi shekaru ina kushewa, saboda ni aka yi ta, kuma babu wanda aka gaya wa sirrinta don ni ake jira in tambaya.

Muka dawo muka duƙufa. Na sa aka haɗa mana murhu a tsakar gida, muka samo kara da tukunyar ƙasa. Yau mu ƙara batso, gobe mu rage. Muka gwada citta da masoro, muka gwada ɗan ruwan tsamiya, muka soya man shanun da albasa, muka soya shi haka nan. Kowace rana Hafsatu ta miƙo mini ludayi ta zuba mini ido, ni kuma in ce da saura, in ƙirƙiro abin da za a canza gobe.

A gwaji na ƙarshe ne na daina yaudarar kaina. Na kai miyar baki, na riƙe ta a harshe, na nemi ta Dije a cikin kaina don in gwada su, na tarar babu. Ina tuna kwanon, fari mai bakin shuɗi da ya ɗan ɓantare. Ina tuna hannunta a kan katanga. Ina tuna kalmomin da nake kwatanta miyar da su, irin waɗanda na rubuta a sama. Amma ɗanɗanon kansa ya tafi, ban kuma san yaushe ya tafi ba. Ko da a ce mun dace da ita daidai a ranar, ba zan gane ba.

Hafsatu ta ce, "Mama, ita ce?"

Da na ce ita ce, da ta tafi Kademi da farin ciki, kuma babu mai ƙaryata ni a bayan ƙasa. Na so in faɗa. Amma 'yar Dije ce, na kasa haɗa ta da abin da ba na uwarta ba in ce nata ne. Na ce, "Ban sani ba, Hafsatu. Ya ɓace mini."

Ta tura ragowar karan cikin murhu. Sannan ta ce, "Ni muryarta ce ta fara ɓace mini." Ta share ido da bayan hannu ta tambaye ni ko wannan ɗin dai ta ciwu. Na ce ta yi daɗi ƙwarai. Muka tuƙa tuwo muka ci a kwano ɗaya.

An yi biki, an kai ta Kademi ba tare da abin da ta zo nema ba. Wannan rashi ne na biyu, kuma ta wata fuskar ya fi mini na farko ciwo, don na farko hukuncin Allah ne da ya zo a lokaci guda, wannan kuwa a hannuna ya zube a hankali ban lura ba. Allah ya ji ƙan Dije, ya yalwata mata makwanci, ya sa abin da ta ciyar ya tarar da ita a can.

In na auna abin da ya rage nata, ba shi da yawa, amma yana aiki. Yanzu kusan kullum bayan la'asar wayata takan yi ƙara. Hafsatu ce. Ta gaishe ni, ta ce tana da ɗan wake da yakuwa, ko ragowar tsaki, ko kuma yau babu cefane, me za ta dafa? Sai in ce ta duba abin da ke gidan tukuna, in jero mata fate ko dambu ko ɗanwake, in ce ta tuna ta rage na ɗumame. Ta yi godiya tana cewa na iya dabara. Nakan gaya mata ba tawa ba ce, ta uwarta ce, na tsinta ne ta kan katanga. In mun yi sallama sai in zauna da wayar a hannu in daɗe ban tashi ba. Kiran nan ba nawa ba ne. Ina ɗauka ne don mai shi ba ta nan.