Ishaya da Idon Ragunanmu

Shekara shida ke nan da rasuwar Ishaya, abokina, makwabcina a unguwar Dala ta nan Borno, mutumin Kudancin Borno da ya bar koyarwa ya rungumi aikin na'ura. Ni Modu, dillalin tumaki ne ɗan dillali, ban san komai a kwamfuta ba. Amma yau zan yi muku bayanin cikin kyamara, don shi ya koya mini, kuma da wannan ilimi ya ceci sunana.

A lokacin masu saye daga Kudu sun daina zuwa da kansu saboda hanya. Sai aka kawo dabara: mu kafa ƙaramar kyamara a garke, mu buɗe fatar idon rago a gabanta, likitan dabbobinsu ya duba daga can. Duk makiyayi ya san wannan gwajin. In cikin fatar ja ce, rago lafiyayye ne. In ta koɗe, jini ya ƙare.

Ishaya ya haɗa mini tawa. Da na zo kafawa sai na kife ta, wayar ta kalli sama, kamar yadda muke yi wa duk abin da ke da igiya, don rago ba ya ganin waya ya ƙyale. Ishaya ya ce ba komai, ya umarci kyamarar ta juya hoton ya miƙe. Hoto ya miƙe kuwa. Ragunan Balami farare tas, sun fito farare.

Ana gab da Layya likitan ya aiko da hukunci: idanun duk shuɗi-shuɗi ne, garken ba shi da lafiya. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwar Gamboru cewa Modu yana tura wa mutane ragunan cuta. Wallahi na ji zafin da ban taɓa ji ba. Asara ana mayar da ita, amma suna linzami ne, kuma sunan nan na ubana ne, shi ya bar mini.

Na sami Ishaya ina huci. Ya saurare ni, ya cire jar hularsa ya riƙe ta a gaban kyamarar. A allo ta fito shuɗiya.

"Ya Modu, ragunanka lafiyarsu ƙalau," in ji shi. "Masu magana biyu ne ba su fahimci juna ba."

Ga abin da ya bayyana mini. Idon kyamara ɗige-ɗige ne ƙanana, kowane ɗigo launi ɗaya yake gani: wannan ja, na kusa da shi kore, na ƙasa kore, sai shuɗi. Idon yana aika su a jere, lamba bayan lamba, ba tare da suna ba. Manhajar da ke karɓa, wadda suke kira direba, ita ke sanar da cewa ja ne a farko. To da aka juya hoton, sai idon ya fara karantawa daga ɗaya kusurwar, shuɗi ya zama na farko, direba kuwa tana nan tana rantsuwa ja ne. Fari ko an musanya fari ne, shi ya sa ba wanda ya lura sai a fatar ido.

Na ce to mu miƙar da kyamarar kawai. Ya ƙi. Ishaya akwai taurin kai! Ya ce gobe wani dillalin zai kife tasa, domin ragon kowa na cin waya. Ya zauna ya gyara direbar ta yadda duk lokacin da aka juya hoto, za ta canza bayanin jerin launukan ta faɗi gaskiya. Muka tara mutane a garke, aka kira likitan ta waya, aka buɗe idon rago a gaban kyamarar. Ja jawur! Likitan ya ba da haƙuri a gaban kowa, dattawan da suka juya mini baya suka dawo suna gaishe ni "Wushe, Modu" kamar ba su ba. Ni kuwa har da hawaye, ban ji kunya ba.

Daga baya ya aika gyaran ga masu kula da manhajar a duniya, kyauta, suka karɓa. Ciwon da ya ɗauke shi bai ba shi lokacin ganin inda abin ya kai ba. Da yana nan yau ya ga kyamarori a kowane garke, a kife a miƙe, kowace tana faɗin launinta daidai, na san dariya zai yi ya nemi a sayo masa shayi. Zai kuma yi faɗa da masu saya su liƙa ba su tambayi yadda take aiki ba.

Bana wata injiniya ta zo daga Kano ta sa mana sababbi. Da ta ga na kife tawa, ta ce kada in damu, wani bawan Allah ya magance wannan tuntuni. Ta buɗe rubutun manhajar ta nuna mini sunansa, sai ga Ishaya, ta ce ba ta san ko ɗan wace ƙasa ba ne.

Na ce, "Hajiya, ɗan Dala ne. Ni na riƙe masa ragon."