Ƙullin Jan Zare

A gidan hayar nan mai hawa biyu ba wanda ke bukatar agogo. Da an ji keken ɗinki ya fara ƙara a ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, to gari ya waye, kowa ya nemi takalminsa. Yaran gidan ne suka raɗa wa mai ɗakin suna Gwaggo Keke, sunan kuwa ya bi ta har ya danne na yanka.

Ta shigo gidan da sauran ƙuruciyarta, bayan rasuwar mijinta, daga ita sai akwati ɗaya da keken da ya saya mata. Allah bai ba su haihuwa ba. Manema sun zo, ta auna su da ido yadda take auna yadi, ta ga duk ba wanda zai isa riga, ta sallame su. Gajeruwar mace ce mai kaifin baki, kullum tef a wuya, allura soke a gefen ɗankwali. In ka kai mata gyaran wando, sai ta haɗa maka da gyaran hali, shi kuma kyauta ne.

Mutum ɗaya ce bakin nan bai taɓa yanka ba, wato Malama, mai koyar da lissafi a firamare, wadda ƙofarta ke kallon ta Gwaggo. Ita kuma Malama Yaya take kiran Gwaggo. 'Ya'yan Malama uku, Babba da 'yar tsakiya da Auta, duk a bayan Gwaggo suka yi wayo, kuma ba wanda ya taɓa sa rigar makarantar da ba ita ta ɗinka ba. Kowace yamma Malama kan shigo da littattafan ɗalibai, ta zauna kan buhun ƙyallaye tana maki, Gwaggo na taka keke, fulas ɗin shayi ɗaya a tsakaninsu. Wani lokaci su yi gulmar gidan kaf, wani lokaci ba mai cewa uffan, kuma duka biyun daɗi suke mata.

Duk dogon hutu Malama da mijinta, wanda ake kira Mai Mita saboda aikinsa na duba mitar lantarki, sukan kwashi yara a tsohuwar motarsu su tafi gaida mahaifiyar Malama, tafiyar wuni guda. Guzurin hanya kuwa aikin Gwaggo ne, ba wanda ya isa ya sa mata hannu. Ba wani abin a zo a gani ba ne, burodi ne take tsagawa ta cusa masa soyayyen ƙwai da dankali da albasa da ɗan barkono. Sai dai kowa da ƙullinsa a takarda, kuma da zaren ɗinki take ɗaure su don kada a rikice. Baƙin zare na Mai Mita ne, ba albasa. Kore na Malama, wadda ke son gefen ƙwan ya ɗan ƙone. Shuɗi na 'yar tsakiya, ruwan toka na Babba. Auta, ɗan lelenta, rawaya ne nasa, ba barkono ko ƙwaya, kuma shi kaɗai ake yi wa ƙulli biyu. Babba ya taɓa cewa shi bai san an fara hutu ba sai ya kwance zaren nan. Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba, amma ta yi sati tana maimaita wa kanta maganar.

In ta miƙa kular guzuri, sai Malama ta miƙo mata makullin gida. Haka ake yi shekara da shekaru.

Abin da ba wanda ya sani shi ne yadda aka faro. A tafiyar farko, lokacin Babba yana goye, Malama ta ce, "Yaya, ki zo mu tafi mana." Zuciyar Gwaggo ta yi tsalle. To amma mai kunya ai ba ya cafke gayyata kamar wanda da ma jira yake. Sai ta ce, "Ni? Wa zai kula muku da gida? Ni fa mota ma ba ta karɓe ni ba." Ta faɗa ta tsaya jiran a sake tambaya, a ɗan matsa mata, sannan ta amsa da mutuncinta. Ita kuwa Malama mutuniyar lissafi ce, in ka ce mata biyu, biyu za ta rubuta. Ta ce, "Ayya, sannu Yaya," ta ba ta makulli. Daga baya yara suka cika kujerar baya, Gwaggo ta riƙa lallashin kanta da cewa ai wuri ne babu.

Bana wuri ya samu. Babba ya tafi jami'a, ya aiko cewa ba zai zo hutu ba. Gwaggo ba ta ce wa kowa komai ba, amma ta yanka wani yadi mai ruwan ƙasa da ta daɗe tana ɓoyo, ta ɗinka wa kanta doguwar riga, ta linke ta a jaka ta tura bayan ƙofa.

Sai dai bana ɗin ne kuma wata ma'aikaciyar jinya, wadda kowa ke kira Nas, ta tare a hawan sama.

Doguwa ce, mai fara'a, kullum tana ƙamshin sabulu. Sau ɗaya ta auna wa Malama jini a tsakar gida, shi ke nan, kamar an ɗinke su. Malama ta rage gishiri saboda Nas ta ce. Malama ta daina shan shayi da sukari cokali uku saboda Nas ta ce. Sannu a hankali buhun ƙyallaye ya fara kwana ba wanda ya zauna a kansa. Abin haushin, ɗakin Gwaggo a ƙarƙashin matakala yake. Duk yamma tana jin silifas ɗin Malama, wanda ta san takunsa ko cikin barci, yana bi ta saman kanta yana hawa. Sai dariya ta sauko. Ita kuma ta ƙara wa keke wuta har allura ta yi zafi.

Kishi ne, ba wani suna da za a sa masa. Gwaggo ta tsufa ba ta san tana da shi ba, sai ga shi ya zo mata gaba ɗaya. Ta nemi aibin Nas ruwa a jallo. Yarinyar kuwa ga gaisuwa har da rusunawa, ga shi in ta kawo ɗinki ba ta ƙorafi, har yabawa take. Wannan ne ma ya fi ƙona wa Gwaggo rai. Da mai raini ce, da an san inda za a kama ta.

Ana jibi tafiya Malama ta leƙo. Ba ta zauna ba, a bakin ƙofa ta tsaya.

"Yaya, guzurin bana ki sa da ƙawata Nas, za ta raka mu tunda kujerar Babba ba kowa. Amma don Allah nata kar ki sa barkono, cikinta ba ya so."

Allurar keke ta karye a cikin kalmasar wandon wani bawan Allah.

"Ba barkono," in ji Gwaggo.

"Ko kaɗan. Na gode, Yaya."

Silifas ya bi matakala ya hau. Gwaggo ta zauna tana kallon jakar da ke bayan ƙofa. Wato ita ce mai goyo, ita ce mai ɗinki, ita ce mai suya, ita ce mai gadi, kujera kuwa ta wadda ko shekara ba ta cika a gidan ba ce. Kuma har ita za a sa ta dafa wa mai kujerar, a kuma gaya mata yadda cikinta yake so.

Ranar tafiya da asuba ta kunna risho. Ta yi na Mai Mita, ta yi na Malama har gefen ya ƙone daidai, ta yi na yara. Da ta zo kan na ƙarshe sai ta jawo gwangwanin barkono. Ta zuba cokali ɗaya. Ta tuna dariyar da ke saukowa daga sama, ta ƙara. Ta tuna kalmar "ƙawata", ta ƙara mai tozo. Ƙwan ya yi ja har sai da ta yi atishawa. Ta lulluɓe shi da dankali yadda ido ba zai gani ba, ta naɗe, ta ɗaure da jan zare. Ba ta ji kunya ba a lokacin, daɗi ma ta ji.

A ƙofar gida Mai Mita yana ta fama da igiya a saman mota. Yara sun shiga. Gwaggo ta fito da kula, Malama ta zaro makulli. Sai Nas ta matso ta gaishe ta.

"Gwaggo, da ma da ke za a yi tafiyar nan. Malama ta ce mota na wahalar da ke. Ai akwai maganinsa, 'yar ƙwaya ce, da kin faɗa mini da na kawo miki."

Wannan tausayin ne Gwaggo ta kasa haɗiyewa.

"Ni mota ba ta taɓa yi mini komai ba."

Malama ta juyo. "Yaya, ba ke kika ce ba ta karɓe ki ba?"

"Na ce. Ke kuma kika rubuta. A ina kika taɓa ganin an tambayi mutum sau ɗaya an bar shi?"

Malama ta tsaya da makulli a hannu. Ana ganin lissafin yana shiga mata, shekara bayan shekara, har fuskarta ta sauya.

"To Yaya, zo mu tafi."

"Wa zai kula muku da gida?"

Bakin ne ya faɗa da kansa, don ya saba. Gwaggo ta ji kamar ta ciji harshenta. Amma yau Malama ba ta miƙo makullin ba.

"Yaya, zo mu tafi."

"Ɗinkin mutane fa?"

"Na uku ke nan, Yaya. Zo mu tafi. In ba ki shiga ba ni ma ba inda za ni."

Mai Mita ya leƙo daga bayan mota. "Gwaggo, ki taimaka ki amsa kafin a kai na goma, rana tana yi."

Ta shiga ɗaki wai za ta ɗan haɗa kaya. Kafin Mai Mita ya gama ƙulla igiyarsa ta fito cikin sabuwar riga, jaka a hannu, har da turare. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi kaya suka haɗu da wuri haka. Mai Mita dai ya yi tari ya tada mota.

Aka matsa mata a tsakiya, 'yar tsakiya a dama, Nas a hagu. Kula na kan cinyar Gwaggo, don haka Auta kan cinyar Nas ya koma, har ya jingina kai a kafaɗarta ya yi barci. Gwaggo ta ga wannan ma, ta ajiye shi a ranta. Amma gidaje na wucewa, gonaki na buɗewa, iska na kaɗa mata ɗankwali, ga ƙeyar Malama a gabanta. Rabon da ta ji daɗi irin wannan har ta manta. Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa, shi ne abin da ke cikin kular da ta rungume.

Da rana ta take suka tsaya a inuwar wata bishiya kusa da gidan mai. Aka shimfiɗa tabarma, Gwaggo ta buɗe kula, ƙamshi ya tashi. Baƙi ya tafi, kore ya tafi, shuɗi ya tafi, Auta ya rungume rawayensa biyu. Saura ɗaya.

"Nawa ne mai jan zaren ko?" in ji Nas, tana miƙo hannu da murmushi.

Gwaggo ta dubi hannun. Ta dubi Malama, wadda ta ce ba za ta shiga mota ba sai da ita. Ta riga Nas ɗauka.

"Wannan nawa ne. Auta, ba Antinka ɗaya, naka ne ba barkono."

Auta ya turo baki, amma ya bayar. Gwaggo ta kwance jan zaren, ta yi bisimilla, ta gatsa.

Wuta ta kama tun daga leɓe har ƙirji. Kunnuwanta suka toshe, gumi ya keto ta ƙarƙashin ɗankwali. Ba halin tofarwa, don in ta tofar sai an tambaya. Ta tauna, ta haɗiye, ta sake gatsa. Hawaye suka ɓalle mata shar.

Malama ta ajiye nata burodin, ta matso ta kama hannunta.

"Yaya, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Duk shekarun nan kina tsaye a ƙofa kina ɗaga mana hannu, ni kuma ina cewa hutawa kike."

Gwaggo ta so ta ce ba komai, murya ta ƙi fita. Da ta ji maganar ƙofar nan kuwa, sai wasu hawayen suka biyo bayan na farko, waɗannan ba ruwansu da barkono.

Nas ta miƙo mata gorar ruwa. Hancinta ya ɗan motsa, ta dubi jan ƙwan da ke leƙowa daga burodin, ta dubi Gwaggo, sannan ta kau da kai ta ci gaba da goge wa Auta baki. Gwaggo ta karɓi ruwan tana jin haushi, don yarinyar nan ta sake hana ta abin kamawa.

Ta cinye ƙullin tas, ba ta bar ko ɓarɓashi ba.

Suna naɗe tabarma Malama ta ce, "Yaya, kowa da launinsa, ke kaɗai ce ba ki da shi. Baɗi wane zare za ki ɗaura wa naki?"

Gwaggo ta shanye majina, ta naɗe zaren a ɗan yatsanta.

"Jan nan dai," ta ce da dasasshiyar murya. "Ni na san abin da na sha a kansa."